DAGA RUMFAR ALBASA: Adashin da ba a kwasa

Ina gaida 'yan'uwa fatake da iyalansu na nan Kumasi, da na Akkara, Lome, Kwatano, Abijan, Duwala da Injamena, da duk inda neman halali ya kai mutum. Makon jiya na yi alkawarin za mu yi maganar yawan shingayen hanya da abin da suke ci daga ribar ɗan kasuwa. Ku yi mini afuwa, na ɗage ta. Ranar Lahadin da ta wuce na je wani taro, kuma tun da na dawo abin da na gani ya hana ni sakat. Amma kafin in kai ku wurin taron, sai na fara tona wa kaina asiri.

Duk wanda ke harkar albasa ba ya bukatar a tuna masa daminar 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, kwana huɗu bayan nan ƙungiyar ECOWAS ta ce a rufe iyakoki da Nijar. Da ma saboda rashin tsaro a hanyar Burkina, da yawanmu mun koma biyo da kaya ta Gaya, a haye gada zuwa Malanbil, a ratsa Benin da Togo a shigo Gana. Sai ga gadar ta rufe. Ina da kaso mai tsoka a cikin wata mota da aka yi wa lodi daga yankin Galmi. Albasa kuwa kun san halinta, ba ta san siyasa ba. Ta sha zafin rana cikin buhu, ruwan sama ya bi ta, kafin a sami yadda za a yi da motar sai wari. Abin da na tara shekara da shekaru, da wanda na ranto, duk suka tafi tare.

A cikin wannan hali ne 'yata ta biyu ta gama sakandare. Sakamako ya fito ƙarshen shekara, ta ci da kyau, har jami'ar Kwame Nkrumah da ke nan garin, wadda kowa ke kira Tek, ta ba ta gurbin karatun ungozoma. Ta kawo mini takardar tana rawar jiki. Na karɓa, na ce ta karanta mini. Da ta zo wurin kuɗi da ranar da za a rufe biya, sai na ce, "To, Allah ya sa albarka," na miƙe na tafi masallaci alhali ba a kira salla ba.

Ba zan ɓoye muku ba, a raina na riga na yanke shawara. Akwai wani yaro ɗan abokina, mai shagon kayan babur, yaro mai hankali da salla, wanda tuni iyayensa suka fara zagaye-zagaye. Na ce wa kaina ai aure ma rufin asiri ne, kuma ta yi sakandare, abin da uwarta ba ta yi ba, ni ma ban yi ba. Lakwal ɗin da na yi a garinmu aji huɗu ne, sauran duk a bayan mota da gindin fitila na koya. Ban faɗa wa yarinyar kome ba. Ita ma ba ta sake ta da maganar ba, sai dai na lura ta daina cin abincin dare.

Bayan kamar kwana goma, na dawo daga kasuwa, uwargida ta kawo mini ruwa ta zauna.

"Alhaji, ina da magana, amma don Allah ka bari in kai ƙarshe."

"Ina jin ki."

"Na kai takardun yarinyar nan wajen matan nan masu digiri. Sun ba da fom mun cike. Sun ce za su zo su gan ka ranar Asabar."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Na ce, "Ni da raina, da lafiyata, a je a yi mini bara wajen mata? Shekara talatin ina garin nan, wa ya taɓa jin na miƙa hannu?"

Ta bari na gama tsaf, sannan ta ce, "Alhaji, da motarka ta maƙale ba wajen abokanka ka je ba?"

Na ce, "Na je."

"Me suka ba ka?"

Na yi shiru. Gaskiya haƙuri suka ba ni, da addu'a. Su ma ta kansu suke yi.

Ta ce, "To waɗannan ba haƙuri suke bayarwa ba."

Ranar Asabar bayan la'asar sai ga mata uku sun yi sallama. Ɗaya malamar asibiti ce, ɗaya tana koyarwa a sakandare, ɗaya tana aikin banki. Ta bankin nan ta durƙusa har ƙasa ta ce, "Baba, ina wuni? Ba ka gane ni ba ko?" Na duba da kyau. Ashe yarinyar da ke kawo mana koko da ƙosai ƙofar masallaci ce shekarun baya, tana ɗauke da bokitin da ya kusa fin ta girma. Ta ce wata malamarsu ce ta biya mata kuɗin jarrabawa a lokacin da mahaifinta ya rasu, kuma tun daga ranar take jin akwai bashi a wuyanta.

Na zaci za su zo su yi mini wa'azi a kan ilimin 'ya mace. Ba su yi ba. Tambayoyi suka yi, irin na mai sayen kaya da ya san aikinsa, wanda ba ya yarda da albasar saman buhu sai an zazzage masa ya ga ta ƙasa. Yara nawa ke gidan? Nawa ke makaranta? Asarar da aka yi ta bana ce kawai, ko da ma kasuwar ta mutu? Ni nawa zan iya kawowa, kome ƙanƙantarsa? Suka kira yarinyar gefe suka tambaye ta ko ita ke son karatun ko tura ta ake yi. Daga ƙarshe malamar asibitin, wadda ita ce babbarsu, ta ce, "Alhaji, abin da ke asusunmu ba shi da yawa, kuma masu nema sun fi abin bayarwa. In kwamiti ya amince, za mu biya kuɗin makaranta na shekarar farko da rabin kuɗin ɗakin kwana. Sauran rabin da abincinta naka ne. Kuma kada ka ji haushi, ba ma ba uba kuɗi a hannu. Banki za mu je mu biya da sunanta, mu kawo maka rasit."

Wannan ta ƙarshen ta sosa mini rai. Na ce, "Hajiya, kina ganin zan ci kuɗin 'yata ne?"

Ta ce, "Subhanallahi, ba ci ba, Alhaji. Amma kuɗi in ya kwana a gidan da ake da bukata, da safe sai ka tarar ya zama shinkafa."

Sai da suka tafi na zauna na yi wa kaina hisabi. Da sun damƙa mini kuɗin nan, na rantse da na ce bari in juya shi sau ɗaya a albasa kafin ranar biya, in mayar har da riba. Haka kowane ɗan kasuwa yake tunani, kuma haka kuɗin makarantar yara da yawa ya bi ruwa ba tare da uban ya yi niyyar cuta ba. Matan nan sun san mu sarai, a gidajenmu suka tashi.

Kwamiti ya amince. Na sayar da babur ɗina na cika nawa rabin. Na je na sami abokina na ce masa yarinya za ta yi karatu, in ɗansa zai jira ko zai yarda ta ci gaba daga ɗakinsa, bismilla. Yaron bai jira ba, ya yi aurensa bara, har na je ɗaurin aure, ba wanda ya riƙe wani a zuciya. Ita kuwa yanzu tana shekara ta biyu, kuma alhamdu lillahi kasuwa ta ɗan farfaɗo, ni ke biyan na bana.

To shi ne ranar Lahadi suka gayyace ni taronsu na shekara. Bara ma sun gayyace ni na ƙi zuwa, don kunya. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana. Bana uwargida ta goge mini babbar riga ta ajiye a kan gado ba ta ce uffan ba, na gane saƙon.

A filin wata makarantar firamare aka yi. An kafa rumfuna, an jera kujerun roba, gefe guda mata na sayar da wake da shinkafa, tuwo da miyar ayoyo, fura da nono, sobolo mai sanyi, kuma duk abin da aka samu asusu zai shiga. Ba maroƙa, ba liƙi, ba wanda aka kira babban baƙo aka jira shi awa biyu. Bayan addu'a, ma'ajiyarsu ta miƙe da littafi ta karanta lissafin shekara a gaban kowa: abin da membobi suka zuba wata-wata ta waya, abin da aka samu a taron bara, abin da 'yan'uwansu da ke Turai da Amurka suka aiko, sannan abin da aka kashe, ɗaya bayan ɗaya, har kuɗin hayar kujerun da muke zaune a kai. Ta ce rasit na nan a kan tebur, duk mai so ya zo ya duba. Na shiga ƙungiyoyi da yawa a rayuwata, na 'yan kasuwa da na 'yan gari ɗaya. Ku gaya mini tsakani da Allah, sau nawa kuka ga ma'aji ya yi haka ba tare da an kai ruwa rana ba?

Bayan nan aka kira yaran da ake taimaka wa, kowace ta faɗi inda take karatu da inda ta kai. Akwai wadda ta faɗi darasi guda, ta faɗa da bakinta muryarta na rawa, nan take wata malama ta ɗaga hannu ta ce ta riƙa zuwa gidanta ranar Asabar. Sharaɗinsu ke nan: duk zangon karatu ki kawo sakamako, in an yi hutu kuma ki zo ki koyar da ƙannenki na unguwa masu shirin jarrabawar shiga sakandare. Sannan na ga wani abu da ya sa na sunkuyar da kai. Waɗanda suka gama sakandaren kwana sun dawo da akwatunan ƙarfe, da akwatin katako na ajiye gari da suga, da bokiti, da dutsen guga, aka wanke, aka sake fenti, aka miƙa wa masu shiga bana. Wani akwatin an kankare suna an rubuta wani har sau uku.

A nan ne wanda ba ya zaune a Gana zai ce, to ba an ce sakandare kyauta ce a can ba? Haka ne, tun watan Satumba na 2017 gwamnati ta ɗauke kuɗin babbar sakandare, kuma a 2025 ta fara ɗaukar kuɗin karatun shekarar farko a manyan makarantunta. An gode, ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma gwamnati ba ta sayen katifa da akwati da takalmi, ba ta biyan kuɗin mota zuwa makarantar da aka tura yarinya can wata jiha, ba ta biyan ɗakin kwana a jami'a. Irin waɗannan ƙananan ramukan ne yaranmu ke faɗawa. Yarinya ta ci jarrabawa, a rasa kuɗin akwati, a ce ta jira baɗi, kafin baɗi ta shiga talla ko dakon kaya a Kejetiya, shi ke nan an rufe littafinta. Matan nan ba su da ƙarfin gina makaranta. Abin da suka iya shi ne sun san inda ramin yake, sun tsaya a bakinsa.

Wata malamar jami'a a cikinsu ta yi ɗan jawabi a kan asalin irin wannan tafiya, kuma da na dawo gida na sa 'yata ta binciko mini a waya don in tabbatar kafin in rubuto muku. A 1881, a birnin Boston na Amurka, mata 17 da suka gama jami'a suka taru suka kafa ƙungiya, a zamanin da ake ganin mace mai digiri kamar abin kallo. A 1888 suka ba da tallafinsu na farko, dala 350, ga wata mai bincike Ida Street. A 1919, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka kafa tarayyar mata masu digiri ta duniya, bisa shawarar Virginia Gildersleeve ta Amurka da Caroline Spurgeon da Rose Sidgwick na Ingila. Tana nan har yau, ofishinta na Janeba, kuma a 2015 ta sauya suna zuwa Graduate Women International. A nan Afirka, a 1992 mata biyar masu riƙe da ma'aikatun ilimi a ƙasashensu, cikinsu har da Vida Yeboah ta Gana da Alice Tiendrebeogo ta Burkina, suka kafa FAWE, mai hedikwata a Nairobi.

Wanda ya fi kama mini hankali shi ne na CAMFED. A 1993 wata Baturiya, Ann Cotton, ta fara da biya wa 'yan mata 32 kuɗin makaranta a Zimbabwe. A 1998 aikin ya iso arewacin Gana, kuma a shekarar ce 'yan matan farko da suka gama suka haɗa tasu ƙungiyar don su ma su ɗauki na bayansu. Ɗaya daga cikin yaran farkon nan, Angeline Murimirwa, ita ce ta zo ta zama shugabar CAMFED ɗin gaba ɗaya. Wadda aka saya wa takalmin makaranta jiya, yau ita ke sa hannu a saya wa dubbai.

Malamar ta rufe da cewa kada wani ya ce wannan baƙon abu ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'yan taru, tana naɗa jaji ta ba ta malfa, jajin ta koma ƙauyensu ta karantar da mata, ta kuma jagorance su zuwa wurin malama. Wadda ta sani ta koma ta ɗauko wadda ba ta sani ba, tsarin ke nan tun wancan zamani.

Ina zaune ina saurare sai tunanin adashi ya faɗo mini, wanda mutanen nan ke kira susu. Mu 'yan kasuwa mun san shi ciki da bai: kowa ya zuba, in layinka ya zo ka kwasa. Na matan nan ma adashi ne, sai dai mai zubi ba ta kwasa. Ta riga ta kwashi nata tun tuni, ranar da wani ya biya mata kuɗin jarrabawa, ko yayanta ya bar makaranta don ita ta ci gaba, ko uwarta ta sayar da zannuwan aurenta. Yanzu zubi kawai take yi.

Na san abin da wasu za su ce, don a rumfata ma an faɗa. Wani ya ce matan nan suna sa yara su raina aure. Ni dai waɗanda na gani yawancinsu da mazansu suka zo, wasu da goyo a baya. Wani ya ce me ya sa sai mata, yara maza fa? Wannan tambaya ce mai kyau, kuma ni ma na yi wa Hajiya ita. Ta ce, "Alhaji, in gida ya shiga matsi, wa ake fara cirewa daga makaranta?" Ban amsa ba, don ni kaina shaida ne: ƙanenta namiji na aji biyu a lokacin, ko sau ɗaya bai zo mini a rai in cire shi ba. Ta ƙara da cewa, "Yaran maza kuwa, ai ga ku nan, iyayensu maza. Wa ya hana ku?"

Wa ya hana mu? Tambayar da na kwana da ita ke nan. Muna da ƙungiyar 'yan albasa, ta 'yan goro, ta 'yan shanu, ta direbobi. In an yi rasuwa muna haɗa kuɗi nan take, kuma daidai ne. In an yi biki ko suna, ko wani ya dawo daga Makka, ko za a naɗa sarkin zango, kuɗin anko da rumfa da lasifika kaɗai ya isa ya kai yara biyu jami'a. Amma ban taɓa jin an buga waya an ce ɗan wane ya ci jarrabawa, uban ya yi asara, a kawo gudummawa ba. Kuma gaskiyar magana, abin da matan nan ke iya ɗauka kaɗan ne. Hajiya ta ce mini bana sun mayar da fom da yawa ba don yaran ba su cancanta ba, sai don asusu ya ƙare, kuma ita ce ke zuwa gida-gida ta faɗa wa iyaye. Ta ce wannan zagayen ya fi mata aikin dare a asibiti wuya.

Ga shawarata, kuma na fara da kaina don kada a ce baki ne kawai. Duk motar da aka sauke mini, kuɗin buhu ɗaya na asusun karatu ne. Buhu ɗaya a mota, jama'a. Wanda ke ruɓewa a hanya muna zubarwa ba tare da mun yi kuka ba ya fi haka. Na kai na farko ranar Litinin, aka ba ni rasit, 'yar bankin nan mai koko ce ta rubuta shi. Zan kai maganar gaban shugabannin ƙungiyarmu a zama mai zuwa. In sun karɓa, mu buɗe namu asusun, mu haɗa da yara maza, mu roƙi matan nan su koya mana yadda ake riƙe littafi da yadda ake tantance mai bukata. In ba su karɓa ba, zan ci gaba da kai nawa inda na san ana karanta lissafi a bainar jama'a.

Ku kuma da ke sauran garuruwa, ku bincika. Da wuya a rasa irin waɗannan mata a zangonku, ko da su biyar ne suna haɗuwa a falon wata. In kana da hali, ka kai musu. In kai ne a cikin matsi kamar yadda na kasance, kada ka yi irin tawa. Saura ƙiris in rufe wa yarinya ƙofa don kada a ce Alhaji ya nemi taimako, kuma da uwarta ta tsaya neman izinina, da na hana.

Da za mu tashi daga taron, 'yata ta rako mu bakin titi. Ta ce, "Baba, hutun nan ba zan samu zuwa rumfa in taya ka lissafi ba, an ba ni yara takwas da zan koya wa." Na ce ta je abinta, lissafin albasa na iya shi tun ba a haife ta ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma kan shingayen hanya, daga Paga har Kumasi. Wanda ke da labarin abin da ya gani da idonsa ya aiko ta hannun edita. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya shirya mana zuriya. Na bar ku lafiya.

Naku, mai albasa, daga Kumasi.